Maigandi, da sunanka aka kama gidan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 16 ga Safar 1446, bayan La'asar, aka bugo mini waya daga filin jirgin Madina cewa Maigandi ya yanke jiki ya faɗi yana loda jakunkunan masu Umara. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Maigandi, kowa zai ce kai mutumin kirki ne. Ni zan faɗi abin da kirkin ya jawo maka. Mu huɗu muka rasa wurin kwana a unguwar Harra ta Gabas. A lokacin kai kaɗai ke da albashi tsayayye, sai ka kama gida da sunanka, ka ce kowa ya riƙa kawo nasa. Biyu suka koma ƙasarsu ko sallama babu. Ni kuma aiki ya tsaya mini. Ba ka taɓa canza mini fuska ba. In na noƙe a bakin tire sai ka ce, "Yalla, Jabir, sa hannu, abinci na hucewa."

Haya ta taru. Mai gida ya kai ƙara, kotu ta sa a riƙa yanke sulusin albashinka tun bai iso hannunka ba. Abin da kake aika wa matarka Iyatu da yara a Maraɗi ya koma rabi. Aka ba ka shawarar neman i'isari, wato kotu ta tabbatar ba ka da halin biya, a ɗaga maka ƙafa. Wata uku kana ƙi, wai da wane ido za ka tsaya a garin Manzo, da lafiyarka, ka ce ka gaza? Da ka haƙura, aka ce ka kawo shaidu. Ka roƙe ni. Na ce gobe. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta mutu, ina tsoron duk ƙofar da ake tambayar takarda. Sau uku ina ce maka gobe, kai kuma ka ƙara awowin aiki cikin wannan zafi. Wannan abu yana cina.

Kafin mu ɗauke ka zuwa Harami a yi maka salla, dattijonmu Malam Shittu ya yi tambayar da ake yi a gida: akwai mai binsa bashi? Wakilin mai gida na tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu. Na ji bakina ya ce, "Yana kaina."

Jiya wakilin ya dawo. Ya ce maganar baki ba ta isa ba, ranar Lahadi zan bi shi kotu in sa hannu, in taho da iƙamata. Na san abin da ke jiran mai matacciyar iƙama a can. Zan je.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa maƙabartar Baƙi'a ta zame maka wurin hutu. Iyatu, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya Zakiru da Raudatu. Ki yafe mini tun ina nan, don ban san daga inda zan sake rubuto miki ba.