Ranar shifta

Shekara tara ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Gyaɗi-Gyaɗi kafin a kawo mini yarinyar da ba ta ji. Sanƙarau ne ya tafi da kunnuwanta tana shekara shida, amma ya bar mata maganarta da kaifin ido. Ubanta direban Adaidaita Sahu ne daga Unguwar Gano. Makarantu uku suka mayar da shi da ita kafin ya zo wurinmu.

Da ido take ji. In ta ga leɓenka, ta gama da kai. Saboda ita na daina magana ina fuskantar allo, na daina zagaya aji kamar mai tallar goro. Na ajiye ta a bencin gaba, in tsaya cak a gabanta in buɗe baki sosai, har yara suna kwaikwayona a bayan ido. Ban damu ba, don yarinyar ta fi rabinsu ƙwaƙwalwa.

Hedimasta kuwa bai taɓa son zamanta ba. Wai iyaye na ƙorafin ana jan aji baya saboda mutum ɗaya. Muka yi ta sa-in-sa, ni kuma bakina ba ya shiru, har ya yanke hukunci: in ta ci jarrabawar ƙarshen shekara ta wuce aji huɗu, in ta faɗi ubanta ya nemi wani wuri. Na ce na yarda, har da dariyata.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A makarantarmu malama ba ta tsaron jarrabawar ajinta, musaya ake yi. Kuma rabin makin Hausa da na Turanci shifta ne, malama ta karanta yara su rubuta. Da na ga an ba ƙawata ajina, sai hankalina ya kwanta. Malamar aji biyar ce, kwano ɗaya muke cin ɗanwake da ita tun zuwana, ni na yi mata zaman asibiti da ta haihu.

Na ce mata, "Don Allah ki tsaya a gabanta kawai, ta ga bakinki."

Ta ce, "Haba, Malama! Ai 'yata ce. Ki kwantar da hankalinki."

Ranar shifta ina tsaron aji biyu, sai na fito na leƙa ajina ta taga. Ƙawata ta ɗaura takunkumi irin na lokacin korona, ta rufe hanci da baki, tana karantawa tana tafiya a bayan aji. Yarinyar tana ta juyawa a benci tana neman fuskarta. Da ta hango ni, sai ta nuna bakinta da yatsa. Na taho a fusace, na tarar da hedimasta tsaye a ƙofa, ya ce doka ta hana ni shiga.

Da aka tashi na tare ƙawata. Ta ce mura take yi. Na ce murar da ba ta hana ki shan ƙanƙara jiya ba? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Hedimasta ne ya ce in yi. Ina da 'ya'ya, Malama." Ban zage ta ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Hedimasta maƙiyi ne na fili, bai ba ni ciwo ba. Ita ce ta ci amanata.

Na ga takardar yarinyar. Ta jera lamba ɗaya zuwa ashirin tsaf da kyakkyawan rubutunta, babu komai a gabansu.

Ranar karɓar sakamako uban ya zo ɗaukarta. Bai san abin da ya faru ba, cewa aka yi ta kasa. Ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya yana godiya, har ya iso kan ƙawata, ya rusuna ya ce, "Hajiya, an gode da ɗawainiya, Allah ya saka." Ta ce amin. Ranar babu takunkumi a fuskarta, yarinyar kuma tana tsaye tana kallon bakinta.