Lemon Froso a Bakin Iyaka

Manoli Tsakiris ya yi shekara arba'in da ɗaya yana noman lemo a bakin kogi a Renmark, kuma abu biyu ne bai taɓa yi ba a duniya: bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, bai kuma taɓa yarda ya yi kuskure ba. Girki na matarsa Froso ne. Shi nasa ya ja kujera bakin ƙofar kicin yana ba ta labarin injin ban-ruwa, ita kuwa tana aikinta tana cewa "uhm". Bayan rasuwarta aka sayar da gonar, ya rage daga shi sai gida, sai bishiyar lemo ɗaya da ta dasa da hannunta a bayan kicin.

Babban abokin gabarsa ƙudan da ke ɓata lemo. Ya taɓa bin motar wasu 'yan yawon buɗe ido har gidan mai saboda ya hango ayaba a gabanta, wai tana iya ɗauko ƙudan, ya wanke su tas, bai tafi ba sai da suka jefa ta a shara.

To, wannan mutumin ne jikarsa Marika ta kira daga Perth, saura mako biyu bikinta, ta ce, "Pappu, ba na son komai, lemon bishiyar Kaka kawai nake so."

Jirgi dai ba ya shiga. Dole 'yarsa Despina da mijinta Warren suka ɗauki hutu, aka loda kayan biki a tsohuwar motar Manoli, tafiyar kwana huɗu. Warren ke tuƙi, amma umarni daga kujerar baya yake fitowa.

"Rage gudu, ba gawa ka ɗauko ba."

Can an jima: "Kai, taka mana! So kake mu tarar ta haihu?"

Suka kwana Port Augusta, suka kwana Ceduna. Manoli yana ɗaga wa kowace mota yatsa don gaisuwa yadda ake yi a hanyar, wanda bai mayar ba ya sha zagi da Girkanci. Ran na uku bishiyoyi suka ƙare, hanya ta miƙe sambal, rana ta dafa bayan mota. Warren ya soma shaƙar hanci.

"Despina, ke ma kin ji? Motar nan ƙamshin kasuwa take."

Suka tsaya a gidan mai na ƙarshe kafin iyakar jihar Yamma. A ƙarƙashin kwat ɗin biki Despina ta zaro kwali cike da lemo, kowanne an naɗe shi da jarida.

"Baba! Kai fa! Kai da ka kusa cinye mutane a kan ayaba ɗaya? Ka san sarai ba a shiga Yamma da ɗanyen lemo saboda ƙudan nan."

"Wannan doka ta lemon mutane ce," in ji shi. "Nawa lafiyarsa ƙalau. Ni na duba su ɗaya bayan ɗaya."

"To ka gaya wa masu bincike haka," in ji Warren. "Ka ce Manoli ya duba. Ƙila har su sara maka."

Manoli ya juya ya dubi hanya. Yana hango shingen masu bincike daga inda yake, da ƙaton durom ɗin da ake zuba kayan mutane. Ya san dokar gaskiya ce, don shi ma da bakinsa ya yi ta kare ta. Ya zauna a kan kwalin ya yi jugum, ransa ya ɓaci ƙwarai. Abu ɗaya tak yarinyar ta roƙa.

Matar da ke sayar da abinci a wurin ta leƙo, ta ce, "Ku shanye abinku kawai, kowa haka yake yi. Dafaffe ne kaɗai ba ruwansu da shi."

Manoli ya ɗago kai. "Me kika ce? Dafaffe?"

Ya miƙe kamar an tsikare shi. Warren ya fito da murhun gas da jarkar ruwa, Despina ta kawo zare da allurar da ta zo da su don gyaran rigar amarya, matar ta ba su aron tukunya, da sukari, da kwalaben kofi biyu da suka ƙare. Za a yi zaƙin ɓawon lemo irin na Froso, wanda take miƙa wa kowane baƙo cokali ɗaya da kofin ruwan sanyi.

"Baba, ko kunna murhu ka iya?" in ji Despina.

Bai iya ba, Warren ne ya kunna. Amma daga nan hannunsa ya kama aiki, har shi kansa abin ya ba shi mamaki. Ya kankare bayan lemon, ya tsaga ɓawon gida-gida, ya nannaɗe kowanne, ya soke shi a zare kamar carbi. Tsokar kuwa Warren ya bi direbobin tirela da ita yana rabawa, har wani ya dawo neman ƙari.

Da aka tafasa ɓawon sau biyu aka zubar da ruwan, Manoli ya ce a kawo sukari. Despina ta nuna masa abin da aka rubuta a waya.

"Sau uku aka ce, in ba haka ba zai yi ɗaci."

"Uwarki sau biyu take yi."

"Yaushe ka sani? Kai da ba ka taɓa riƙe ludayi ba!"

"Shekara arba'in ina zaune a ƙofar nan. Kin zaci bango nake kallo?"

Despina ta mayar da wayar jaka. Manoli ya juya har ruwan sukarin ya yi kauri, ya ɗiga kaɗan a farcen babban yatsansa yadda Froso ke yi, ɗigon ya tsaya bai zuba ba.

A shingen, ma'aikaciyar ta ɗaga kwalabe tana dubawa, da sauran ɗuminsu. "Wa ya dafa?"

"Ni," in ji Manoli, har da gyara wuyan riga.

"Karo na farko ke nan a tarihi," in ji Warren.

Washegari da la'asar suka isa Perth. Gida ya cika da dangi, Marika ta rugo ta rungume shi, tana leƙen hannunsa ko za ta ga kwali. Ya ce a ba shi cokali da kofin ruwa, ya ɗebo ɗaya ya miƙa mata.

"Lemon bai samu ƙetarewa ba," ya ce. "Sai wannan. In bai yi ba, ki faɗa."

Ta tauna a hankali.

"Da ɗan ɗaci," ta ce.

Despina ta juyo za ta ce ai ta faɗa, sai ta ga hawaye na bin kumatun yarinyar.

"Ko'ina na sha, zaƙi ne zalla, har na zaci mantawa na yi," in ji Marika. "Ɗacin nan nake ta nema, Pappu. Haka nata yake."

Manoli ya karɓi cokalin, ya ɗebo ɗaya ya sa a bakinsa. Daga nan ya ja kujera bakin ƙofar kicin ya zauna, ya daɗe bai yi wa kowa gardama ba.