Abin da Inna Ta Ce a Faɗa Mini

Shekara huɗu ƙanena yana karanta mini wasiƙun gida, kuma duk shekarun nan ƙarya yake karanta mini.

Mun baro ƙauyenmu na ƙasar Damagaram bayan babban farin da ya ƙarar mana da dabbobi. Ni na samu aikin lambu a Tit, wani ƙauye a wajen garin Tamanrasset, ina ban ruwa, ina shuka tumatir da albasa a gindin dabino. Shi kuwa, da yake ya yi lekkol, wato makarantar boko, ya samu tsaron kanti a cikin Tamanrasset. Ran Juma'a kaɗai nake shigowa gari. Motocin kudu ba su da rana, sai sun cika suke tashi, don haka duk abin da na haɗa wa Inna, shayi, sukari, madarar gwangwani, bargo, a hannunsa nake bari ya ba direba. In amsa ta zo, wadda malamin lekkol na ƙauyenmu yake rubuta wa Inna, sai ƙanena ya warware ya karanta: saƙo ya iso, ta gode, Allah ya yi albarka. In ninke takardar in adana, in koma Tit da sanyin zuciya.

Na haura arba'in lokacin da na fara koyon karatu. Wani mai kanti ɗan Maradi ne yake tara mu bayan sallar Juma'a, mu bakwai, duk magidanta. Da muka fara iya haɗa baƙi, ya ce kowa ya zo da takardar da yake da ita a gida. Na zo da wasiƙar Inna, har da sa sabuwar riga. Na miƙe, na ɗora yatsa, na karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa: "Sa-nyi ya wu-ce. Ba mu ga ko-mai ba."

Na ɗauka ni na yi kuskure, na sake. Haka yake. Na ci gaba, ina tsayawa ina tashi. Inna tana tambaya ko ta yi mini wani laifi ne. Ta ce in babu abin aikowa, in faɗa mata babu, ta daina fita bakin hanya duk lokacin da ta ji ƙarar mota.

Na ɗaga kai. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban allonsa.

Na ce, "Malam, ka sani?"

Ya ce, "Duk tasha an sani. Karta yake yi. To amma wa zai shiga tsakanin wa da ƙane?"

Har yau in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci. Mutanen da muke sahu ɗaya da su, muke shan shayi a kofi ɗaya, suna ganin ina ɗauko buhu daga Tit ina miƙa masa, suna ce mini sannu da ƙoƙari. Wai suna rufa masa asiri. Tsohuwar da take tsaye a bakin hanya fa, wa ya rufa mata nata?

Daga nan na tafi tashar manyan motoci, rana tana zuba. Bayan wani tarin tsofaffin tayoyi akwai inuwa, a nan 'yan karta suke shimfiɗa tabarma. Mai tabarmar, wani kakkauran mutum mai haƙorin azurfa, shi ya fara ganina.

"A'a, ga Alhajin tumatir! Zauna a raba da kai. Ko albasa ce muna karɓa."

Aka yi dariya. Ƙanena ya ɗago, ya ga takardar a hannuna, ya gane. Na yi zaton zai gudu, ko ya yi musu. Ya mai da idonsa kan katinsa ya ce, "Yaya, don Allah tsaya a gama wannan hannun."

Na tsaya. Ban san dalili ba, amma na tsaya har aka cinye shi. Ina kallo mai tabarmar ya zuba masa shayi, ya miƙa masa taba, ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe tasa ce. Haka suke yi wa duk wanda suka kwashe, don kada ya tafi da fushin da zai hana shi dawowa.

A hanya ya faɗa mini yadda abin ya fara. Karon farko ya sayar da sukarin Inna ya zuba, ya ci, ya sayo ninki biyu ya aika. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar abin a matsayin sata ba. A ganinsa kayan Inna suna nan kan tabarmar, ajiya ya ba su, gobe zai karɓo. Ya ce, "In na daina yau, Yaya, to na tabbata ɓarawo. In na koma, ai da sauran magana."

Na kai shi wajen malamin unguwarmu ya yi rantsuwa. Ya kusa wata guda bai taɓa kati ba. Amma na same shi tsaye bayan masu yi, hannu a baya, leɓensa yana motsi, yana buga wasan wani a ransa.

Juma'a uku na yi ina rubuta wasiƙata ta farko. Na faɗa wa Inna gaskiya duka. Amsarta gajera ce, ni na karanta da kaina: a turo mata shi gida.

Na biya direba hannu da hannu, na ɗinke buhun saƙo da kaina, na saya wa ƙanena sabon takalmi don kada ya shiga gida kamar korarre. Ya yi kuka da motar za ta tashi.

Bayan wata ɗaya direban ya dawo. Ya ce buhu ya isa hannun Inna. Ƙanena kuwa a tashar Agadez ya sauka, wai zai kama ruwa. Direban ya jira har rana ta karkata, sannan ya zaga bayan tasha da kansa. Ya same shi durƙushe a bakin wata tabarma, ƙafa ba takalmi. Ya kira shi sau uku, bai juyo ba.