Ba Wanda Ya Ce Dawo

"Wallahi Yaya, daimon ta ce. In babu zobe ran Asabar, ta fasa auren."

Ya kashe wayar. Dogo ne, rigar aikin jinya na leƙowa ta ƙasan kwat ɗinsa. Ni da ke tsaye a gefe, ina zaton yana cikin waɗanda council, hukumar gari, ta rage wa aiki. A shagon zobba na Birmingham yake taya zobe kamar a kasuwar gida, Baturiyar da ke sayarwa kuwa sai nuna masa farashi take a rubuce.

Sai ya juya, yana takawa a hankali zuwa ƙofa, kunnensa a baya, yana jiran a ce dawo. Tuni ta kulle gilashin zobban.

Ya daɗe riƙe da ƙofar kafin ya komo, Turancin ya ƙwace masa:

"Hajiya, don Allah fito min da ƙaramin nan in sake gani."