Saje Sila a Tashar Zuru

Yana zaune a kan benci a tashar Zuru, bayansa a miƙe, rigarsa ta sha guga, tsohon takalminsa sai ƙyalli yake. Ko ba a faɗa ba, wannan zaman tsohon soja ne. Yakan cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

Matarsa tana gefensa da kwanon abinci a cinya. Ta ce, "Baban Praise, gilashin nan fa ba datti."

"Na sani, Rebecca."

Wani direba ya tambaye shi ko yanar ido ce. Ya girgiza kai.

"Ciwon suga ne. Likita ya ce a can bayan ido akwai ƙwayoyin garkuwar jiki masu gadi. Da suga ya daɗe yana hawa, sai suka harzuƙa, suna jawo kumburi, suna ɓata ƙananan jijiyoyin jinin da ya kamata su tsare. Yanzu tsakiyar duk abin da na kalla dishi-dishi ne. Sakkwato za mu, ko a ceto na hagun."

Da alama idon nan ya taɓa hango motsi daga nesa, abokan aiki suka dogara da shi.

Can sai wani dattijo ya ƙwala masa kira: "Saje Sila!"

Ya miƙe zumbur, ya ƙame, ya sara, amma wajen wata motar da ba kowa a ciki. Rebecca ta ajiye kwanon ta miƙe. Ta kama gwiwar hannunsa ta juya shi a hankali, shi kuwa bai sauke hannu daga goshi ba sai da ya fuskanci abokinsa.