Ranar da akawu ya tambayi Baba sunana

Shekara arba'in ke nan da rasuwar Baba, kuma abin da ya fama mini ciwon a bana lambar mota ce. Jikana ya sayi 'yar ƙaramar mota, ya biyo ta gidana a Gawon Nama ya ce in raka shi ofishin lasisi in sa albarka. Na zauna a benci ina kallo. Aka karɓi takardar saye, da ta kwastan, da ta inshora. Aka ɗauke shi hoto, ya dangwala yatsa a wani ɗan gilashi, sunansa ya fito da kansa a na'ura. Ba wanda ya tambayi kowa komai. Da Baba ya ga haka, na san cewa zai yi mutane sun huta.

Baba fataucin fata da ƙirgi yake yi. Yakan saya a hannun mahautan Sakkwato, ya aika Gusau a ɗora wa jirgin ƙasa. Ni ne ɗansa na fari, kuma yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a lokacin, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce. Ƙannena yana kiransu da suna, har da na tsokana, ya ɗora su a cinya. Ni kuwa "wanga yaro" ne. Na yi gemu, na yi aure, ina nan a "wanga yaro". Na san al'ada ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sha gaya mini. Amma ina so in ji sunana a bakinsa, ko da sau ɗaya ne.

Ana gab da samun 'yancin kai ya sayi babbar mota. Ni na riga na koyi tuƙi na karɓi lasisi, don haka ni na ja ta zuwa ofishin. Mai duba lafiyar mota ya taka birki, ya kunna fitilu, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce lafiyarta lau. Daga nan muka shiga wurin akawu, wani mutumin Kudu mai fara'a. Hausa ta zauna a bakinsa, amma bai san cikin gidajenmu ba. Ya duba takardar saye, ya ɗauki alƙalami zai rubuta Baba a matsayin mai mota.

Baba ya ɗaga hannu. "Dakata, Malam. Ba tawa ta ba. Ta wanga yaro ta."

Ban san da wannan shiri ba. Akawu ya ce ba laifi, amma tunda sunan Baba ne a takardar saye, sai shi ya faɗi da bakinsa wanda ya ba wa motar. "To Baba, yaya sunansa?"

Akwai waɗanda suka san mu a cikin masu jira, har da wani dillali aminin Baba, wanda ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Baba ya gyara zaman hularsa, ya zuba wa bango ido. Akawu ya yi murmushi ya ce, "Ba ɗanka ba ne? Ko ka manta?" Na ga gumi ya tsattsafo a goshin Baba. Na ga ya buɗe baki.

Sai na yi abin da ɗan kirki zai yi. Na yi caraf na ce, "Umaru." Akawu ya dubi Baba ya ce haka ne? Baba ya gyaɗa kai. Aka rubuta, aka buga hatimi, aka ba mu lamba. A bakin ƙofa aminin nan nasa ya dafa kafaɗata ya ce na fitar da ubana kunya, Allah shi yi mini albarka. An daɗe ana ba da labarin a unguwa, ana nuna ni ga yara.

Yau uba na ƙwala wa ɗan farinsa kira a tsakiyar kasuwa, ya ƙara masa da sunan shagwaɓa, ba mai ko waiwayowa. Dā nakan ɗauka Baba zai kira wannan rashin kunya. Yanzu da na tsufa ba ni da tabbas, wataƙila sha'awa za su ba shi. Ni kaina ban iya kiran nawa ɗan farin ba. Na sha yin niyya, harshen ya ƙi. Shi ma ya yi furfura yanzu, kuma ban taɓa tambayarsa ko yana jira ba.

Motar ta yi zamaninta a hanyar Gusau, ta ciyar da gida, daga ƙarshe maƙera suka saye ta. Sana'ar fatar ta mutu tare da Baba, gidan an raba. Abin da ya rage mini shi ne komawarmu gida ranar nan, wadda ban taɓa ba kowa labarinta ba. Yana zaune a gefena, ina tuƙi. Sai da muka kusa kasuwa, fuskarsa na waje yana kallon masu jakuna, ya ce a hankali, "Kai dai ka cika garaje. Da ka dakata kaɗan."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Ba a sake samun akawun da ya tambaye shi ba. Allah ya jiƙan Baba.