Turmin barkono na ranar Alhamis

Jiya a kasuwar tattasai ƙamshin busasshen barkono ya shaƙe ni, na yi atishawa, sai na tuna da Kaka.

Maƙwabciyarmu ce da ta gudo Diffa daga Bosso. Kowace Alhamis bayan la'asar takan tara mu a tsakar gidanta, mu masu jinya a gida: wadda jikin mijinta ya shanye, wadda ƙarar bindiga ta taɓa hankalin ɗanta, da ni da na bar lise, wato makarantar sakandare, don in kula da Innata. Sai ta zuba barkono a turmi ta miƙo taɓarya.

Ran da na fara zuwa ta ce, "'Yar nan, ya jiki? Naki nake tambaya, ba na Innarki ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Ƙarya kike. Daka!"

Na daka, hawaye suka zubo, na ce na gaji. Ba wadda ta ce in yi haƙuri. Wani dattijo ya leƙo yana faɗa, wai mun bar marasa lafiya mun zo koke-koke. Kaka ta ce, "Malam, barkono ne. In idonka ya fi namu ƙarfi, ga taɓarya."

Yanzu turmin yana gidanmu. Masu cewa gulma ke tara mu su yi ta faɗa, ba za mu daina ba. Allah Ya sanyaya makwancin Kaka.

Sai bayan rasuwarta 'yarta ta gaya mini likita ya daɗe da hana ta shaƙar barkono, saboda ciwon ƙirji.